Kunkurun Gemun Kaka

Duk wanda ya ce maka akwai wanda ya fi ni sanin wutar dutsen nan, ka turo shi ya same ni. Ina nan bayan gida a zaune, ba inda za ni, gwiwa ta hana. Ni ne Bartel mai yankan ciyawar jinka. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu rufin ɗaki ko ɗaya a ƙauyen nan, har da na coci, wanda ba laujena ne ya yanko ciyawarsa ba. Gobara kuwa na ga iri-iri. Akwai wadda ta rutsa ni a kan tudu ina saurayi, na kwanta cikin tsagin dutse ta bi ta kaina, ta tafi da rigata da gashin ƙeyata, ta bar mini tabo a gadon baya kamar fatar kada. Waɗanda muka hau tare a ranar duk na raka su makabarta daga baya, wani tari, wani giya, wani tsufa kawai. Saura ni da Floris, shi ma ba don ya iya komai ba, mutuwa ce ta manta da shi.

Amma zafin bana ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ni ba na son a ji na ce akwai abin da ban taɓa gani ba. Mu a ƙasar nan lokacin sanyi ake ruwa, na bana kuwa bai yi abin kirki ba, daga Kirsimeti kuma rana ta buɗe ta ƙi rufewa. Rafin bayan gari ya ƙafe har yashinsa ya yi fari. Kyandirori suka lanƙwashe a coci suna tsaye, ba wanda ya kunna su. Gwaggon biri, da ba ya saukowa sai satar inabi, ya riƙa zuwa bakin famfo da rana tsaka yana lasar siminti, karnuka na kallonsa daga inuwa, ba mai ƙarfin yin haushi. Da muka shiga Fabrairu, in ka taka daji sai ka ji shi yana karyewa ƙarƙashin ƙafarka kamar busasshen kifi.

Wutar ta tashi ne a can bayan dutse. Wasu sun ce tsawa, wasu sun ce sigari, ni ban ga kowa ba. Ta yi kwanaki tana ci. Jirage masu saukar ungulu muna jin kukansu, amma can gonakin inabi suke zuba ruwansu, mu sai hayaƙi. Ta cinye gefen gabas inda nake yankan ciyawa, ta cinye kwarin da mata ke tsinkar fure, ta zagayo ta cinye yamma. Da safe in ka ɗaga kai, dutsen da ka sani tun haihuwa ya zama baƙi kamar gindin tukunya. Wuri ɗaya ya rage, Gemun Kaka.

Gemun Kaka gangare ne da ya faro daga bayan gidajenmu ya hau har kusa da ƙeyar dutse. Ya daɗe rabonsa da wuta, tun matata Griet na da rai. Itatuwan da muke kira furen sukari a ciki sun fi mutum tsawo, sun tsufa sun yi furfura, ƙasansu kuma a cushe, in ka jefa hula ba ta taɓa ƙasa. Duk wani mai rai da ya tsira daga gabas da yamma, can ya gudu. Na tsaya a bayan gidana na ga gada uku a gindin itace ɗaya, dabbar da ba ta zama da 'yar'uwarta. Na ga beguwa tana yawo da rana. Tsuntsayen nan masu dogon wutsiya da ke shan ruwan fure sun cika rassa, baki a buɗe, ba mai kuka. Wutar kuwa ta haye ƙeyar dutsen daga baya, tana shirin saukowa ta kansu, daga su sai jinkunanmu.

'Yata Sanna ce shugabar 'yan kashe gobara na ƙauye. Ni na koya mata, ko da yake yanzu ba ta cika faɗa ba. Da hantsi ta zo ta same ni ina shan kofi, fuskarta baƙi ƙirin da toka, idanu jawur. Floris na zaune a kan kututture, ya zo cin biredina kamar kullum.

Ta ce, "Baba, za mu ƙone Gemun Kaka."

Na ajiye kofin. "Ku wa?"

"Mu. Kai za ka kunna. In muka bari ta sauko da kanta, da gudu za ta zo, sharar da muka yi a bayan gidaje, inda muka kankare ciyawa, ba za ta tare ta ba. Sai dai mu kunna tamu daga sharar, ta hau ta tarye ta a sama."

"Yarinya, ni kike koya wa wutar tarya? Ina kunna ta tun uwarki ba ta san sunana ba."

"Shi ya sa na zo gare ka."

Floris ya ce da baki cike, "Kin yi kuskuren gida, 'yata. Wannan ai ashana ma sai ya ƙyasta uku kafin lofensa ya kama."

"Kai dai ci biredin mutane, tsohon banza. Ranar da wuta ta bi ta kaina kana ina? Kana cikin rijiya kana kiran uwarka."

"Na fito da rigata dai."

Sanna ba ta yi dariya ba. Ta jingina da bango ta rufe ido, na ga har a tsaye barci ke fizgarta. Na ce mata, "Kin san abin da ke cikin dajin nan kuwa? Duk abin da ya rage wa dutsen nan yana ciki. In kin ƙone shi, me zai koma ya haihu?"

"Na sani, Baba. Na kuma san tsofaffi nawa ne a ƙauyen nan ba sa iya tashi daga gado. In kana da wata dabara, faɗi."

Ba ni da ita. Jinka ni na san ta, tartsatsi ɗaya ya ishe ta a irin wannan rana. Amma ban saba a zo da magana in ce to kawai ba. Na ce, "Zan kunna. Amma ba a sa wa daji wuta ba sallama. Sai an buga gwangwani."

Haka ubana ke yi, haka nasa uban. Kafin a ƙone wuri, sai a jeru a bi ta ciki ana dukan gwangwani da tukwane, ana ihu, duk mai ƙafa da mai fiffike ya ji ya ba da wuri. A ƙauyen nan ko yaro ya san ba a kunna wuta a kan baƙo yana barci. Sanna ta ce mutanenta sun gaji, ta ce lokaci ya ƙure. Na ce to ta nemi wani mai kunnawa. Ta dube ni, ta dubi dutsen, ta ce a buga ƙararrawar coci.

Mutane suka fito da abin da suka samu, gwangwanin madara, murfin tukunya, tsohon baho. Muka hau ta gefe muka jeru a saman gangaren, hayaƙi na bin kanmu, rana ta zama ja kamar gwaiduwar ƙwai. Dabarata ita ce mu koro su ƙasa, su faɗa rafin da ya ƙafe, su bi yashi su fita gonakin alkama da aka riga aka girbe, inda wuta ba ta da abin ci. Ni ne a tsakiya, ni na ba da murya.

Kai, ka so ka ga wannan kora. Ko a zamanin ubana ba a yi mai kyanta ba. Gada na fita kamar an harba su, zomaye na tsalle ta tsakanin ƙafafunmu, rema na gangarawa kan duwatsu da 'ya'yansu. Wata kyanwar daji mai jan kunne ta wuce ta gaban matar fasto, matar ta yar da murfin tukunyar ta zauna daɓas. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya sai da sama ta yi duhu. Na ɗaga murya na ce wa Floris, "Ka gani ko? A makaranta ake koyar da wannan?"

Ya ce, "Buga dai, kakan surutu."

Mun wuce rabin gangaren sai na fito wani ɗan fili mai tsakuwa, na ga kunkuru. Ba ɗaya ba, sun kai goma a wannan ɗan wurin kaɗai, manya da ƙanana, kowa ya miƙa wuya yana tafiya. Duk ƙasa suka nufa, wajen rafi. Ba wanda ya kore su, hayaƙi suka ji tun safe suka kama hanya da kansu, kuma da irin saurin da zafi ke ba su, da an bar su da yawansu sun kai. Ina tsaye ina kallo Floris ya ɓullo daga cikin itatuwa da bahonsa, yana dukansa da ƙarfe, yana buga ƙafa. Na ga babban cikinsu ya tsaya. Ya janye wuya, ya janye ƙafafu. Na kusa da shi ma haka. Kafin in buɗe baki duk filin ya zama duwatsu.

Na yi ihu a tsaya. Wa zai ji ni? Ni na ce a buga da ƙarfi, kuma mutanen ƙauyen nan in na ba da umarni suna bi. Na kama hannun Floris, ya fizge yana dariya, ya ɗauka wasa ne. Layin ya ci gaba da sauka, dama da hagu, ana duka ana ihu, har suka fita a sharar bayan gidaje. Babu kusurwar Gemun Kaka da ƙarar nan ba ta shiga ba.

Wanda bai san kunkuru ba zai ce to mene ne, ai in an yi shiru zai fito. Zai fito, amma sai ya ga dama, kuma in ya tsorata sosai ba tafiya yake ci gaba da yi ba, gindin itace mafi cushewa yake nema ya shige. Yana tafiya kana jin ƙarar busassun ganye, kana ganin ciyawa na motsi, ka sa hannu ka ɗauka. In ya tsaya, bayansa da tsakuwar dutsen nan launinsu ɗaya, za ka taka shi ba ka sani ba.

Na sauko na sami Sanna tana raba mutane, wasu su hau jinka da bokiti, wasu su tsaya a sharar da sandunan dukan wuta. Na gaya mata. Ta share fuska da gefen riga.

"Baba, ba ni da mutum ko ɗaya da zan ba ka."

"Ban roƙe ki mutum ba. Ba ni buhu."

"Iska fa?"

"Iska sai ta gaya mini kafin ta juya. Ni da ita mun daɗe."

Abin da ke cikin wutar tarya ke nan, ba kai ke zaɓen lokaci ba. Iskar na saukowa ne daga dutse zuwa gari, in ka kunna a haka, gidanka ka kunna wa. Sai babbar wutar ta matso ta fara jan numfashi, ta janyo iska zuwa gare ta, sannan taka za ta hau. Ɗan lokaci ne ƙanƙane. In ya wuce, ya wuce.

Na ɗauki buhu biyu na jefa wa Floris ɗaya. Ya ce shi bayansa na ciwo. Na ce bahonsa ne ya jawo, ya tashi. Ya ce wa ya ce a buga bahon? Na kama hanya, ya biyo ni.

Muka koma ciki, tsofaffi biyu, da rarrafe. Ƙasa na ƙona tafin hannu. Na fara da filin tsakuwar, na sami huɗu a inda na bar su, sauran sun shige. Na riƙa cusa hannu a gindin itatuwa ina lalube, ban damu da maciji ba, macijin da ke da hankali ya riga ya tafi. Dutse, dutse, dutse, sannan ka taɓa wanda ya fi santsi. Floris ya ɗaga wani babba ya kai shi kusa da fuska yana cewa, "Fito mu gaisa, maigida," shi kuwa ya sakar masa fitsari tun daga ƙirji har wando.

Na ce, "Ya gane mai bahon."

Ya ce, "Ko banza na sami sanyi."

Muka yi dariya kaɗan, tari ya karɓe. Amma ni na san ruwan nan da ya zubar shi ne ajiyarsa ta dukan bazara, ba shi da wani sai an yi ruwa. Duk wanda muka ɗaga sai ya zubar da nasa. Buhunan suka jiƙe, suna ɗiga a bayanmu.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Toka ta fara sauka kamar gari, wani da wutarsa. Ƙarar babbar wutar ta canza, ta bar tatsatsa ta koma gurnani, irin na babbar mota a kan gada. Buhuna ya yi nauyi har sai na ja shi a ƙasa. Ina durƙushe, hannuna cikin wani gindin itace, na taɓa bayan wani ƙarami, bai fi ƙwan kaza ba, sai na ji gumin ƙeyata ya yi sanyi. Iska ce ta taso daga gari ta bi ta bayana ta hau.

Na ji ta sarai. Na ciro ƙaramin na sa a aljihu. A nan kusa na ga wani, na ɗauka. Gaba kaɗan ciyawa na motsi, wani ya gaji da ɓuya ya fito. Na ce a raina, wannan ɗaya, sannan in tashi. Bayan shi kuma akwai wani. Floris ya ɗago ya dube ni, shi ma ya ji ta, ba shi da wayo amma yana da fata. Ya sunkuya ya ci gaba da lalube.

"Baba!"

Sanna ce, ta kutso cikin dajin har inda muke, ƙaya ta yage mata hannun riga. Ta tsinki busasshiyar ciyawa ta sake ta a gaban idona. Ciyawar ta tashi ta nufi dutse.

"Ta juya. Tun ɗazu ta juya, ka sani."

"Ba ta gama zama ba. Ki ba ta ɗan lokaci."

"Baba, dube ni. Ni za ka yi wa wannan?"

"Suna nan da yawa, Sanna. Duk inda na sa hannu."

"Na sani. Tashi."

Ta ɗauki buhuna ta saɓa a kafaɗa, ta kama Floris da ɗaya hannun. Ni ba ta kama ni ba, ta san ba a kama ni. Na tashi da kaina, gwiwa na ƙara, na bi su. A hanyar sauka na taka wani, na ji shi ƙarƙashin takalmina, na sunkuya zan ɗauka, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "In ka sake tsayawa ni zan kunna, kuma ban iya kamar kai ba." Wannan ne karo na farko da ta faɗi haka a gaban mutum. Na ɗauke shi duk da haka, na rungume shi a ƙirji.

A bakin sharar an riga an ɗaura tsumma a kan sanda an jiƙa da kananzir. Mutane sun jeru da sandunansu, kowa ya ɗaure hanci. Na ba matar fasto kunkurun da ke hannuna, na karɓi sandar. Ashana ɗaya na ƙyasta, Floris yana nan, a tambaye shi. Na fara daga kusurwar coci na bi sharar ina ja, ba gudu ba, ba tsayawa ba, ina barin tazara inda ciyawa ta yi kauri don kada ta tashi da yawa lokaci guda. Wutar ta tsaya jim kaɗan kamar tana shawara, sannan ta kwanta ta fuskanci dutse ta fara hawa.

Ba a taɓa kunna wutar tarya mai kyan wannan ba a ƙasar nan, ko wa ya ce. Ta tafi a layi ɗaya kamar an ja da igiya. Tsofaffin itatuwan furen sukari suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi tsaye da wuta kamar mutum, sannan ya zube. Akwai wata ƙara da ke fitowa daga ƙasa, fas, fas, nan da can. Wani saurayi a kusa da ni ya ce duwatsu ne ke fashewa don zafi. Na ce masa e, duwatsu ne.

Can sama wutata da babbar suka haɗu. Hayaƙi ya miƙe kamar hasumiya, zafin ya doke mu har inda muke, sai kuma abin ya faɗi. Ba abin da ya rage da za ta ci. Tartsatsi ya kama akurkin kajin wata tsohuwa, aka kashe da bokiti biyu. Ban da shi ko jinka ɗaya ba ta yi baƙi ba. Mata suka fara waƙar coci, wasu na kuka, maza na zuwa suna dafa mini kafaɗa, "Kawu Bartel, Kawu Bartel." Sanna ta zauna a ƙasa a inda take tsaye, ta sa kai a gwiwa, barci ya ɗauke ta da sandar a hannu.

Washegari da ƙasa ta huce na hau. Floris ya biyo ni ba tare da na kira shi ba. Gemun Kaka ya zama fili, kana ganin tun daga sharar har ƙeyar dutse, toka fari-fari da baƙaƙen sanduna. Yanzu da ba ciyawa, ba sai ka lalube ba. Ga kunkurun nan ko'ina, a gindin kowane kututture, wani wurin uku a haɗe. Wasu sun fashe, wasu lafiya lau kamar ka ƙwanƙwasa su fito. Wani yana daf da bakin rafi, abin da ya rage masa bai fi tsawon ɗakina ba. Mun ga hawainiya a manne da reshe yadda take, ta zama gawayi. Mun ga gada ɗaya da ta juyo ta koma ciki, ban san me ta bari a can ba. Tsuntsayen masu dogon wutsiya kuwa sun dawo, suna zaune a kan wayar shinge suna kallon wurin.

Floris ya juya wani da ƙafa, ya ce, "Ubanka ma haka yake samu bayan ya buga gwangwanin?"

Na ce, "Ubana bayan ruwan farko yake ƙona daji, ƙasa da danshi, da sassafe. Wutarsa tafiya take kamar tsohuwa, tana tsallake wuri, ta bi ta kan kunkuru ta bar shi da ɗumi kawai. In ya ɓuya ya yi daidai. Wa ya taɓa sa wa daji wuta a Fabrairu da hannunsa?"

"Kai."

"Ni, mana. Wa kuma zai iya?"

Ya zauna a kan dutse ya ciro lofe, ya dube shi, ya mayar aljihu. Muka daɗe a wurin. Na so in tara su wuri ɗaya in rufe da ƙasa, na fara, na ga aikin ya fi ƙarfin mutum biyu masu gwiwa irin tamu. Muka sauko.

Waɗanda muka fitar ba su kai talatin ba, biyu kuma sun mutu a buhu. Na zagaye musu bayan gidana da tsohuwar waya, na haƙa ƙasa na kafa murfin tukunya na cika da ruwa. Ranar farko sun sa kai a ciki sun daɗe ba su ɗago ba. Matan gari na kawo ganyen kabeji da ɓawon kankana. Fasto ya yi wa'azi da sunana ranar Lahadi, ya ce Ubangiji ya ajiye ni ne don wannan rana, ban musa masa ba. Wasu ma'aikatan daji sun zo da mota suka duba, suka ce kada a sake su yanzu, babu abin da za su ci a sama, babu inuwa, hankaka ma zai gama da ƙananan. Sai an yi ruwa daji ya tsiro. Wannan ai na sani, na bar su suka faɗa.

Abin da ke gajiyar da ni shi ne ba sa zama. Tun rana ba ta fito sosai ba za ka gan su sun taru a gefen wayar da ke fuskantar dutse, suna tura ta da kai, wani na hawa kan wani yana faɗowa ta baya. Sai in tashi in je in juya shi, in kwashe su in mayar inuwa kusa da ruwa. Kafin in koma kujera sun kama hanya. Haka muke yini. Gadar da muka kora gonakin alkama an ce karnukan gonar sun sami wasu, sauran ban san inda suka yi ba.

Jiya Sanna ta zo da yamma ta same ni a sunkuye ina juya babban, wanda ya yi wa Floris wanka. Ta tsaya ta riƙe wayar.

"Baba, ruwa fa sai Mayu, in ya zo da wuri. Za ka iya wannan har lokacin?"

"Ni? Na yi abin da ya fi wannan."

"Bari in turo wani ya riƙa taya ka."

"Ba wanda zai taɓa su. Hannu da yawa ne ke sa su zubar da ruwa."

Ta tsallako wayar ta ɗauko mini kujerata daga ƙofar gida ta ajiye a cikin shingen, a gefen da suke taruwa, don kada in riƙa doguwar tafiya. Na zauna. Babban ya zagaye ƙafar kujerar, ya je ya sa kai a wayar.